Amsar da na kasa ba Baffa a zaure

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Tambayar da ka yi mini jiya a zaure, bayan an shafa addu'ar arba'in ɗin Inna, na ji ta sarai. Shirun da na yi ba na rashin amsa ba ne. A gidan nan aka hore ni cewa ba a mayar wa uba magana a bainar jama'a, kuma shekara talatin a Landan ba su kankare mini wannan ba. Ga shi yanzu gari ya yi tsit, sai kukan kwaɗi daga fadama. Ina zaune a kan tabarmar da ka bari, ina rubutawa a waya, don ɗaya daga cikin yaran ya karanta maka bayan na tafi.

Ka ce ranar da jikin Inna ya rikice an yi ta kirana waya a kashe, da aka kira gida kuma sai Baturiya, wato matata, ta ɗauka. Na ce maka jirgin ƙasa ne ya riƙe ni. Sai ka ce: "Jirgin Turawan da ake ba mu labari ba ya makara? Kuma ba kai ne direban ba? Wani ya faɗi a jirgin wani, kai ina ruwanka? Ka ratse ka wuce mana." Daga nan ka juya wajen liman ka ce, "Su fa sun riga sun zama su." Wannan ta ƙarshen ce ta hana ni barci. Amma bari in fara da jirgin.

Ka san burtalin da shanu ke bi zuwa fadama, wanda shingen aguwa ya tsare hagu da dama. In saniya ɗaya ta kwanta a tsakiyarsa, yaya makiyayi zai yi da hamsin ɗin da ke bayanta? Ba ya da hanya sai ta tashi. To ramin da muke bi a ƙarƙashin Landan haka yake, har ya fi burtali matsi. Ramukan da suka fi zurfi faɗinsu kamar mita uku da rabi ne, an ƙera jirgin daidai da su kamar wuƙa da kube. Rami ɗaya na masu zuwa, ɗaya na masu dawowa. Babu gefen hanya, babu inda za a ratse, sitiyari ma babu a hannuna. Inda dogo ya nufa can na nufa.

Kai ma ba baƙon wannan ba ne. Kai ka sha ba mu labarin lokacin da kuke lodin gyaɗa a tashar Malam Madori, jirgi ya tsaya cik yana jiran wani ya ƙaraso, saboda dogon Nguru guda ne. Bambancin shi ne, a nan tsakanin jirgi da jirgi mutum zai yi sallah, ya ci abinci, ya yi ƙailula. A can kuwa, layin da ake kira Biktoriya jirgi 36 yake turawa cikin awa ɗaya a lokacin fita aiki da tashi, ta kowane ɓangare. Wato duk daƙiƙa 100 jirgi ya iso, kafin ka idar da alwala wani ya zo ya wuce. Yi lissafi da kanka: in ɗaya ya tsaya minti goma, shida sun jeru a bayansa, kowanne cike da ɗaruruwan mutane. Abin da ya sa ake yabon jirgin nan, wato yawansa da kusancin junansa, shi ne kuma ya sa ƙaramin abu ke girgiza shi. Ba sabon abu ba ne a wurinsu. An buɗe layin farko a 1863, shekara 48 kafin dogo ya iso Kano a 1911, yanzu layi 11 ne da tasha 272.

An yanka dogon gaɓa-gaɓa kamar rake. Gaɓa ɗaya jirgi ɗaya. Muddin akwai jirgi a gaɓar da ke gabana, danja tana nan ja, kuma in na yi gangancin ƙetare ta birki zai kama kansa ko ban taɓa shi ba. A layukan da aka sabunta, kwamfuta ce ke auna tazarar, amma dokar ɗaya ce. Abin da ya fi burge ni tun ina koyon aikin shi ne, an gina na'urar a kan cewa in ta rikice, "tsaya" za ta ce, ba "wuce" ba. Don haka wata 'yar waya na iya tsinkewa danja ta yi ja alhali babu komai a gaba. Sai mai kula da layi ya ba ka izini ta oba-oba, ka bi a hankali, tafiyar hawainiya, na bayanka ma haka, na bayansa ma haka.

Sauran abubuwan da ke tsayar da mu ba sai na ja maka su ba. Jakar wani ta maƙale a ƙofa. Wani ya faɗa kan dogo, dole a kashe wutar yankin gaba ɗaya, don lantarkin da ke bin ƙarfen nan ya kai bolt 630, sai duk jiragen wurin su mutu a inda suke. An ji warin hayaƙi, kuma ba a wasa da hayaƙi tun gobarar tashar King's Cross ta 18 ga Nuwamba 1987, wadda ta ci mutum 31. An ga jaka babu mai ita, kuma tun harin 7 ga Yuli 2005 da ya kashe mutum 52 ba a ɗaga wa wannan ƙafa. A watannin da suka biyo bayan harin nan, mu masu gemu mun sha kallo, mun haɗiye. Ban taɓa ba ku labarinsa ba don kada hankalin Inna ya tashi.

Ranar da muke magana a kai, ƙarfe uku ya kamata in sauka daga aiki. Damina ce, agogonmu da naku ɗaya ne a wannan lokacin, don haka ba zan fake da bambancin awa ba. Wajen biyu da minti ashirin wani bawan Allah ya yanke jiki ya faɗi a cikin taragon jirgin da ke tasha huɗu gaba da ni. Fasinja suka ja ƙararrawa. In da jiri ne kawai, ma'aikatan tasha kan kamo mutum su fito da shi kan dandamali jirgi ya wuce. Wannan zuciyarsa ce ta tsaya, ana danna masa ƙirji a inda ya faɗi, ba a ɗaga irinsa sai masu motar asibiti sun sauko. Masu kula da layi suna ƙoƙari su tsayar da kowane jirgi a bakin tasha, inda ƙofa za ta buɗu mutane su sha iska, amma jiragen sun fi tasoshin yawa. Ni rabona ya faɗo a tsakiyar rami. Minti ashirin da biyar na yi a wurin, ga zafi, ga duhu a gabana sai jan idon danja, ina yi wa mutanen da ke bayana magana ta lasifika ina kwantar musu da hankali. Wayata tana cikin jaka a kashe, domin doka ce, direba ba ya kunna waya a kan jirgi. A daidai lokacin nan kuke kira.

Za ka ce to, minti ashirin da biyar ne, ai da uku da rabi na fito. Nan ne inda ko mutanen Landan ɗin da yawa ba su gane ba. Sukan ji sanarwa da yamma cewa ana jinkiri saboda abin da ya faru da rana, su yi tsaki su ce ai an daɗe da ɗauke mutumin.

Dubi abin da ciyawar kachala ke yi wa kogin Haɗejia. In ta toshe hanyar ruwa, na sama ambaliya ta cinye musu gona, na ƙasa kuma su yi ta zuba ido ruwa bai zo ba. Haka layi yake zama. Bayan wurin da aka tsaya jirage sun taru sun yi dam. Gabansa kuwa fayau, waɗanda suka riga suka wuce sun yi gaba, an bar tasoshi goma ko fiye babu jirgi, mutane kuma ba su fasa saukowa daga titi ba. Da hanya ta buɗe, jirgin farko zai iske taron da jirgi goma ya kamata su kwashe. Tsayuwar da ake yi ta rabin minti sai ta koma minti biyu, wannan na turawa, wancan ya sa ƙafa a ƙofa, ƙofa ta rufe ta buɗe. Kowace tasha ya ƙara makara, kuma iya makararsa iya yawan mutanen da zai tarar a ta gaba. Na bayansa suna bin sa a gindi kusan babu kowa a ciki, ba su da ikon wuce shi. In dandamali ya cika har ana tsoron wani ya faɗa, sai a rufe ƙofar tasha daga sama, taron ya koma wata tashar ko wani layin da babu ruwansa da abin da ya faru. Akwai ma layuka huɗu, Circle da District da Metropolitan da na Hammersmith, da ke cin kwano ɗaya: dogo guda suke bi a wurare da yawa, suna gilma wa juna a mararraba irin ta Baker Street da Aldgate. In ɗaya ya yi tari, sauran ukun sai sun kamu.

Maganin da masu kula da layi ke yi shi ma yana da ɗaci. Sukan tsayar da jirgin da lafiyarsa ƙalau a tasha don a raba tazara daidai. Sukan ce wa wani ya sauke mutanensa tun bai kai ƙarshen layi ba, ya juya a inda akwai mahaɗar dogo, ya je ya cike gurbin da ya buɗe a ɗaya ɓangaren. Abin da ya same ni ke nan. Saura tasha kaɗan in isa inda mai karɓata ke jira, aka ce in juya. Na juya na nufi inda na fito.

Wannan ne ɓangaren da fasinja ba ya gani. Ba jirage kaɗai aka tsara ba, har da mutane. Kowane direba an rubuta masa jirgin da zai karɓa, a tasha kaza, minti kaza, kuma akwai iyakar awannin da zai yi yana tuƙi kafin dole ya sauka ya huta. In jadawali ya wargaje, sai ka ga jirgi a gabas direbansa a yamma. Wani lokacin hutunsa ya yi babu mai karɓarsa, sai a kai jirgin gareji a ajiye, layi ya ƙara raguwa. Direbobin da ake ajiyewa don ko-ta-kwana ba su da yawa, cikin awa ɗaya an rabe su. Shi ya sa tsayuwar rabin awa da rana take jan wutsiya har magariba. Biyar da kwata na sauka. Kun riga kun yi mata wanka.

Ba na jin haushin mutumin da ya faɗi. Shi ma ɗan wata ne, ko mahaifin wasu. Da Inna ce ta faɗi a cikin taragon nan, da na so a tsayar da Landan gaba ɗaya dominta. Allah ya riga ya rubuta ba zan ji muryarta ba, na karɓa. Abin da ban karɓa ba shi ne a ce uwar 'ya'yana ce ta tare kiran.

Bari in gaya maka abin da ta yi, tunda ita ba za ta faɗa ba. Da ta ɗauka ta ji kuka, ta gane. Hausarta ba ta da yawa, amma ta roƙi a kara wa Inna wayar a kunne, ta ce mata, "Inna, sannu. Yana zuwa." Ta yi ta maimaita mata kalmar shahada. Ƙanwata da ta riƙe wayar tana nan da ranta, a tambaye ta. Daga nan ta kira wurin aikina, suka yi iya yinsu su samo wanda zai karɓe ni, babu, duk an tura su. Ta ɗauki fasfona ta zo ta tsaya a bakin tasha fiye da awa guda, a zatonta in na kama jirgin sama a daren zan riski jana'iza. A ƙasarsu gawa takan yi kwanaki kafin a gama takardu, ta manta cewa a gida ba a kwana da mamaci. Da na fito na ga idonta, ban buƙaci kunna wayar ba ma.

Shekara ashirin da huɗu ke nan da aurenmu. Ta musulunta tun kafin in san ta. An ɗaura aure a masallaci da waliyyi da sadaki da shaidu, kuma kai da hannunka ka raba goron da na aiko a ƙofar gidan nan. Ta yi azumin bazarar can da ke haura awa goma sha takwas. Zuwanta biyu garin nan, Inna ta zaunar da ita a gindin murhu ta koya mata kaɗa miyar kuka, tana ce mata "'yata". Har yau in daddawarmu ta ƙare ita ke fara damuwa. Duk da haka a bakin mutanen gari sunanta Baturiya, kamar jiya ta zo. Ban ce kowane aure irin namu yana kyau ba. Na ga waɗanda suka watse, na ga 'ya'yan da suka tashi ba su san alƙibla ba, kuma mu kanmu a can muna yi wa juna faɗa a kan haka. Amma a nan ma ana sakin aure, 'ya'ya suna lalacewa, ba a ce wa iyayensu sun fita daga Hausa.

Kai ka ba ni labarin kakanku da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya yi shekaru, ya dawo da matar da ba ta jin ko "zo in kashe ka". Ita ta haifi mahaifinku. Ka ce har ta rasu harshenta bai miƙe ba, kuma duk unguwa wurinta ake zuwa neman maganin yara. Jininta ne a jikinka da jikina. Bahaushe bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Zangon Kumasi, Sudan, Makka, duk inda ya sauka ya yi masallaci ya yi aure. Mu namu zangon ya faɗo a inda ake sanyi ne kawai.

Akwai inda maganarka ta taɓa gaskiya, ba zan ɓoye ba. Autana yana jin Hausa amma da Turanci yake mayar mini. In na ce masa burtali bai san me nake nufi ba. Lokacin da ya kamata in zauna in yi musu tatsuniya ina cikin rami ina aikin dare, kuma wannan yana ci mini rai fiye da yadda kake zato. Amma babbar 'yata da ta zo bara, ka ga yadda ta durƙusa ta gaishe ka, ba ta ɗaga ido ba har ka sallame ta. Ba a makarantar Turawa ta koyo wannan ba. Ranar Asabar muna tara yaran a yi musu karatun Alƙur'ani da Hausa. Muna da asusun da kowa ke zubawa don in ɗayanmu ya rasu kada gawarsa ta wulaƙanta. In an yi haihuwa a can ƙarshen birni, mutum zai sauka daga aikin dare ya canza jirgi uku don ya je suna. Kun ce zumunta a ƙafa take. Tamu ƙafar jirgin nan ce, ranar da ya tsaya sai ka ga an jinkirta raɗin suna ana jiran liman da ya maƙale a rami.

Baƙin da ke zuwa mana daga gida sukan dawo su ce mun zama masu bautar agogo, wai sai ka yi waya kafin ka je gidan ɗan'uwanka. Gaskiya ne muna yin waya. Wanda za ka je wurinsa wataƙila ƙarfe shida na safe ya shigo, huɗu na yamma zai koma. Kuma wanda ya ga yadda minti biyunsa ke zama awa biyun mutum dubu, dole ya ji tsoron minti. In na makara wajen karɓar jirgi, wani direban ne ba zai ɗauko 'yarsa daga makaranta ba. A hunturu azahar da la'asar da magariba duk sukan faɗo cikin aiki ɗaya, don rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, sai ka lissafa hutunka daidai da su. Wannan lissafin ne kuke gani kuna cewa girman kai.

Abu ɗaya zan roƙa, kuma da ladabi nake roƙonsa. Lokacin taki in ya zo ana kirana, in an kwantar da wani a asibitin Haɗejia ana kirana, kuma wallahi daɗi nake ji, don alama ce ana lissafawa da ni. Ina so ranar da aka kira ba a same ni ba ma a ci gaba da lissafawa da ni. A ce wani abu ne ya riƙe shi, kafin a ce ya zama su.

Ɗazu da la'asar na je kabarinta, ni kaɗai. An fara yankan gero a gonar da ke gefen maƙabarta. Na daɗe a wurin.

Da asuba zan bi motar Kano, ba zan tashe ka ba. Na bar wa yaran kuɗin kati. Ranar Juma'a ba ni da aiki, za mu kira bayan an sauko daga masallaci. Uwar 'ya'yana tana so ta yi maka ta'aziyya da bakinta, kwana arba'in ke nan tana maimaita kalmomin don kada ta yi kuskure a gabanka. In an miƙo maka wayar, Baffa, don Allah ka amsa mata.